Kwalabe Uku Na Asuba

Aikina duban abin da mutane ke zubarwa.
Shekara goma sha ɗaya a ɗakin gwaji na Yelwa,
taga ɗaya, fanka mai ciwon wuya,
da madubin da ya fi ni sanin cikin Yawurawa.

Ran Talata aka miƙo kwalba,
fitsari kamar ruwan wankin nama.
Arzika, shekara tara.
Kakarsa Tumba ta riƙe ƙarfen taga:
“Ɗiyata, tsargiya ta, mun san ta.
Wane yaron bakin gulbi bai yi ta ba?
Sau ukku yas sha magani makaranta,
abokanai duk sun washe, shi ɗai yar rage.”

Na nemi ƙwan tsargiya, mai ƙaya a gindi,
na kewaye gilashi har idona ya yi yaji.
Babu. Sai mugunya, garke guda.
Na shuka fitsarin a faranti, na jira kwana biyu,
gona ta tashi fayau, ko tsiro.
Dakaru sun cika fage, ba a ga wanda suke yaƙa ba.

Abin ya bi ni har gida.

Likita Saratu ta ɗora shi a sikeli.
Katin bara ya ce ashirin da huɗu,
allura ta tsaya a ashirin da ɗaya.
Wandonsa ɗaure da igiyar koma.
Zazzaɓi? Kullum bayan la'asar, kaɗan-kaɗan.
Gumi? Tabarma sai an shanya.
Tashi fitsari? Sau shida kafin zakara.
Ta danna kwiɓin hagu, ya cije leɓe.
“Yana tari?”
“Ko sau guda.”
“To wa ya taɓa tari a gidan?”

Tumba ta dubi ƙasa.
Nomau, mijinta, mai saƙar koma,
damina huɗu ke nan da rufe shi.
Tun yaye yaron ke kwana a bayansa.

Ashe akwai tarin fukan da ba ya tari.
Ya shiga ta numfashi, ya hau jini ya gangara,
ya sami ƙoda ya lafe
kamar gaiwa cikin laka,
rani nawa, ba motsi,
tana jiran ruwanta.

Na ba su kwalabe uku.
Fitsarin farko na asuba, kwana uku jere,
don ƙwayar ba kullum take leƙowa ba.
Ta farko, na'ura ta ce babu.
Ta biyu, babu.
Uban ya ce kuɗin jirgi sun ƙare,
asibiti dai wahalar da talaka.
Tumba ta sayar da bandar da ta ajiye don Sallah,
ta ƙetaro da ta uku cikin gefen zane,
da ɗuminta.

Awa biyu ina goge teburin da ba datti.
Sai takarda ta fito.
An gan shi.

Hoton ciki ya nuna ta hagu a kumbure,
da ɗan kogo kamar cin gara.
Ta dama lafiya lau. Mun riski abin da sauran rana.
Ƙwayoyi kullum da safe, wata shida in ya yi kyau,
ba ko sisi, ba kuma tsallake.

Kwana uku sai ga Tumba a guje:
“Ya koma ja! Ya hi da!”
Na ɗaga kwalbar ga hasken taga,
launin manja, ba na jini ba.
Na ce, Inna, rinin magani ne,
wannan jan namu ne.
Ta zauna a dakali tana dariya, tana share ido.

Da dare na jawo tsohuwar rajista.
Na bi layi da yatsa,
duk inda hannuna ya rubuta
mugunya, ba tsiro,
ya sallami yaro ya kira na gaba.
Bakwai na ƙirga.
Biyu ba su bar ko sunan ƙauye ba.